Horon Sanyin Malam Ilu

Ina da wani taubashi a Nguru, Malam Ilu, malamin dabbobi ne, shi ya sa ake ce masa Ilu Allura. Ɗan kawuna ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa, saniya ko tari ta yi zai gaya maka abin da ta ci shekaranjiya. Aibinsa ɗaya ne, tsoron sanyi. Ɗan sanyin nan namu na Disamba, wanda rana na ɗagawa yake kama gabansa, sai ka ga Ilu da suwaita biyu da safa da hular sanyi har kunne. Wanka kuwa sai bayan azahar, shi ma sai matarsa Hansatu ta ƙone rabin itacen gidan.

Shekara goma sha ɗaya yana yawon ƙauyuka a kan tsohon keke yana yi wa awaki allura, yau a samu gobe a rasa. Sai ga wata gonar kiwo a saman tsaunin Mambila, kusa da Nguroje, tana neman malamin dabbobi. Ga albashi, ga gida, ga sabon babur. Ilu ya nema, aka ce ya zo watan Agusta a gwada shi. Amma manajan gonar, wani dattijo Alhaji Hammanjoda, ya gaya masa a waya ba ɓoye-ɓoye cewa mutum uku ne daga ƙasar zafi suka riga shi zuwa, kuma wanda ya fi daɗewa a cikinsu kwana tara ya yi, ya gudu ya bar takalminsa. Ba aikin ne yake korarsu ba, sanyi ne.

Ni direba ne, ina kai busasshen kifi can in ɗauko ayaba, don haka ni ya zo ya tambaya. Na gaya masa gaskiya. Na ce can hazo yana shigowa har cikin ɗaki ya zauna tare da kai, man shanu sai an sara shi da wuƙa, kuma ba wanda ya taɓa sayen firij a garin. Ilu ya yi kwana uku ko majalisa bai fito ba. Na ji tausayinsa, don na san yadda yake son aikin nan.

Rana ta huɗu sai ga shi yana washe baki, waya a hannu. Wai ya ga bidiyon wasu Turawa suna shiga ruwan ƙanƙara tsirara daga su sai gajeren wando, suna dariya. Ya ce ashe sanyi ba a fata yake ba, a zuciya yake, kuma horar da shi ake yi kamar yadda ake horar da ɗan maraƙi ya ja garma. Ka ja numfashi sau talatin, ka shiga ruwan, ka gaya wa zuciyarka daɗi kake ji. Wata uku kawai, sai mutum ya koma nemansa da kansa.

Washegari ya sa aka yanka masa durom gida biyu, ya kafa rabin a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa. Ya yi magana da Ɗanliti mai ƙanƙara, kullum bulo biyu.

To, ku lura da lokacin. Watan Maris ne, a Nguru. Lokacin da kwalta take kama takalmi, kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, mutum ya sha ruwa ya ji kamar shayi ba sukari. A wannan lokacin ne Malam Ilu zai fito ƙarfe biyu na rana, ya tsaya gaban durom ya ɗaure fuska kamar za a yi masa kaciya, ya yi ta jan numfashi yana ƙirgawa, sannan ya ce bisimilla ya nutse har wuya. Ya lumshe ido. Can sai ya ƙwala wa matarsa kira ya ce ta zo ta gani, ko gezau bai yi ba.

Hansatu ta leƙo daga madafa, gumi ya jiƙe mata zani sharkaf, ta ce ta gani, Allah ya ƙara juriya, in ya gama wahalar ya bari ita ma ta ɗan wahala.

Kafin mako biyu ya yi ɗalibai. Tela ne ya fara zuwa, sai mai faci, sai wani ɗan sanda da ke haya a layin. Kowa ya zo ya ce shi ma yana son ya horar da zuciyarsa. Ilu ya ƙaro durom uku. Ya riƙa zagayawa hannu a baya yana ba su ƙarfin gwiwa, wai su daure, farko ne mai wuya. Su kuwa suna kwance cikin ruwa, ido rufe, wani har minshari yake. Abin da ya fi burge shi, ya ce mini, mutum goma sha tara ne a hannunsa kuma ba wanda ya taɓa fashi ko sau ɗaya. Matsalar kawai fitar da su.

Wallahi na so in fahimtar da shi. Sau ɗaya na fara, na ce Ilu, anya wannan sanyin da na Mambila uwarsu ɗaya? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce hassada ce, dama ni tun muna yara ba na son ci gabansa. Raina ya ɓaci. Na ce shi ke nan, Allah ya kai mu Agusta, ni zan kai ka da motata kyauta.

Ranar tafiya Hansatu ta haɗa masa kaya, ta saka bargo biyu da suwaitocin nan da safa. A tasha, gaban ɗalibansa da suka zo rakiya, Ilu ya zuge jaka ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya ya miƙa mata. Ya ce ta ba mabuƙata, shi ya wuce wannan matakin. Aka yi ta tafi. Hansatu ta rungumi bargunanta ta dube ni, ni kuma na dubi taya.

Kwana biyu muna hanya. Har Serti yana ba ni lacca. Da muka fara hawan dutse daga Mayo Selbe sai ya ɗaga gilashi, wai iska tana shigar masa ido. Muna wuce Maisamari ya tambaye ni ko injin motar nan yakan yi zafi ta wajen ƙafa. Daga nan sai jan numfashi kawai, kuma na lura ƙirgen ya wuce talatin da nisa.

Mun isa gonar da la'asar, ana yayyafi. Alhaji Hammanjoda ya tarbe mu cikin ƙatuwar kwat da rawani, ya ga baƙonsa da 'yar shara mai gajeren hannu, nan take ya sa a kawo masa rigar sanyi. Ilu ya ƙi karɓa. Leɓensa na rawa ya ce ya gode, shi horarre ne, sanyi abokinsa ne. Har ya ƙara da cewa gobe kafin a fara aiki zai sauka rafi ya yi wanka.

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya fito da makullin babur daga aljihu ya nuna masa, ya ce gobe ƙarfe bakwai za a yi wa shanu allurar rigakafi. In ya ga hannunsa, makulli nasa ne. In kuwa bai gani ba, akwai wani malamin dabbobi ɗan garin Gembu, nan kusa, da ke jira.

Ni dai na shige bargona na yi barcina.

Da safe bakwai ta yi, an tara shanu, ba Ilu. Bakwai da rabi, ba Ilu. Aka duba ɗakinsa, wayam, har labulen taga babu. Aka aika rafi, ba kowa. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya shiga ruwa ya sandare, me zan gaya wa kawu? Muna tsaye cirko-cirko sai wani makiyayi ya fito daga rumfar maruƙa yana riƙe da ciki don dariya, sai nuni yake yi da sanda.

Muka shiga. Ga Malam Ilu a kwance tsakanin maruƙa biyu, ya rungume ɗaya, ɗayan ya jingina da bayansa. Ya naɗe da labule, ya zura ƙafafunsa cikin buhun dusa, ya kifa wani buhun a ka. Haƙoransa kuwa kamar keken ɗinki.

Alhaji Hammanjoda ya yi sallama ya tambaye shi lafiya.

Ilu ya yi zumbur ya zauna, buhu a ka. Ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Zafin jikinsu nake dubawa."

"Madalla. Ka bar musu saura?"

Dattijon ya miƙa masa sirinji ya ce to bisimilla, ga shanu can suna jira. Ilu ya kawo hannu, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Sirinji ya faɗi. Aka ɗauka aka sake ba shi, ya sake faɗuwa. A karo na uku dattijon bai bari an ɗauko ba, ya mai da makullin babur aljihu, ya ce da makiyayin ya je ya kira ɗan Gembu.

Nan idon Ilu ya kawo ruwa, ni ma na daina dariya. Ya durƙusa da buhunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a yi mini haka. Wallahi na yi horo. Wata uku cur ina kwanciya cikin ruwan ƙanƙara, ban taɓa fashi ba."

"A ina?"

"A Nguru."

"Wane lokaci?"

"Daga Maris zuwa Mayu. Ƙarfe biyu na rana."

Dattijon ya cire kwat ɗinsa ya yafa masa a kafaɗa, ya dafa shi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ni ma da ina yaro haka nake azumina, daga magariba zuwa asuba."