Guntun Katakon da Na Ɗauka Shara Ne

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin bikin 'yar wana ba, ko na so in manta ma mutanen layinmu ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne na duba gabas na duba yamma, ban sami wanda zan ɗora wa laifin ba sai ni.

Ni kafinta ne. Shekara talatin da ɗoriya ina aiki a Anloga, unguwar kafintoci: ƙofa, gado, kabad, teburin makaranta, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Kuma ina da zuciya, wannan kowa ya sani. In kana so mu ɓata, to ka tsaya a kaina ka nuna mini yadda ake riƙe katako.

'Yata Rakiya tana waƙa. Ita da ƙawarta Abena, wata yarinya 'yar unguwar Atonsu, su biyu suke abinsu. Abena tana kaɗa wani abu da ake kira celo, wato goge ne amma ƙato, ana tsayar da shi a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Rakiya ta ɗauko waƙoƙin daka da kakarta ta taho da su daga Nijar, Abena ta shimfiɗa musu irin kiɗan nan na Turawa mai natsuwa, can kuma sai su karkace su shiga abin da suke kira jaz, kowacce tana jan tata hanya, su dawo su haɗu. Ban gane kansa ba, amma ranar da na fara ji sai da na tuna uwata. (Na ce musu ƙurar katako ce ta shiga mini ido.)

Matsalar ita ce yayarmu, Hajiya. Tun rasuwar iyayenmu maganarta ce magana a gidan, kuma ta ce 'yar gidanmu ba za ta riƙa tsayawa gaban maza tana buɗe baki ba. Wata uku ina lallashinta. Daga ƙarshe ta ce, "To Auta, na ji. Su yi a bikin nan in saurara da kunnena. In na ji shirme, zancen waƙa ya ƙare, kada wanda ya sake tayar mini da shi." (E, Auta take kirana. Da furfurata da komai.)

Ana saura kwana biyu biki, keken da ya ɗauko su ya faɗa rami, celon ya bugu, gefensa ya buɗe kamar tsawon ɗan yatsa. Mai gyaran irinsa yana can Ankara, babban birnin ƙasarmu, kuma babu lokaci. Sai ga su a shagona, Rakiya a gaba tana cewa, "Ki kwantar da hankalinki, babana zai gyara." Abena ta durƙusa ta gaishe ni, ta nuna wurin, ta ce da Hausar da ta tsinta a Zongo, unguwar Hausawa, "Papa, nan kawai za ka liƙa. Don Allah kar ka taɓa komai kuma."

Yarinyar da aka haifa jiya ce take ce mini kar in taɓa komai, a cikin shagona, gaban abokan aikina. Na ce, "'Yata, tun ba a haifi uwarki ba nake liƙa katako. Je ki." Ta tafi tana waiwayen abin kamar wadda ta bar jariri a gidan maƙwabta.

Na sassauta tsirkiyoyin duka huɗu don in ji daɗin aiki, na sa gam, na ɗaure, na ajiye. Aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyina zai faɗa. Washegari da na ɗaga shi sai na ji wani abu yana kwaram-kwaram a ciki. Na leƙa ta ramin nan mai lanƙwasa na gabansa, sai ga wani guntun katako zagayayye, bai fi ɗan yatsa kauri ba, yana birgima. Ba gam a jikinsa, ba ƙusa, ba fenti.

Wallahi haushi ya kama ni. Na ce ku zo ku ga aikin Turawan da ake yabo. Sun gama abu sun rufe, sun bar shara a ciki, kuma a zo ana ce mini kar in taɓa. Na sa wayar ƙarfe na yi ta fama har na zaro shi, na zagaya da shi shago-shago ina nuna wa mutane. Sannan na jefa shi cikin tarin ɓawon katako da matan masu dafa dokunu, tuwon masaran nan, suke zuwa kwasa da yamma. Har da kakkaɓe hannu.

Na mayar da tsirkiyoyin sama-sama, na sa shi a jakarsa. Abena ta yi ta kira a waya tana so ta zo ta gwada, na ce ta same shi a wurin biki, ni ba a bin bayana a duba aikina.

Lahadi bayan la'asar layi ya cika. An toshe titi da rumfuna, kujerun roba har bakin kwata, mata sun sha leshi, ana ta rabon shinkafa. Hajiya tana sahun gaba, ta naɗe hannu, fuskar nan ba alamar wasa. Ni kuma na sa babbar rigata na tsaya daf da inda za su zauna, duk wanda ya wuce sai na ce masa, "Ka ga gogen can? Ya mutu, ni na tashe shi."

Mai gabatarwa ya kira su. Aka kafa makirfo ɗaya a bakin Rakiya, ɗaya a gaban celon. Abena ta fara jan tsirkiya a hankali tana daidaitawa, ta goga sau ɗaya. Abin da ya fito ba muryar da na sani ba ce. Wata 'yar ƙara ce shaƙaƙƙiya, kamar akuya mai mura. Ta sake gogawa. Sai ta tsaya, ta sunkuya ta leƙa ramin, ta ɗago. Fuskarta ta canza gaba ɗaya, ta fara sassauta tsirkiyar da sauri.

"Papa, akwai wani ƙaramin itace a ciki. Yana ina?"

Mutum mai hankali a nan zai yi shiru. Ni na matso, na ce da ƙarfi, "Sharar nan? Na cire miki ita, ko godiya ba ki yi ba." Na manta makirfo yana gaban bakina. Har masu wanke tukwane a bayan gida sun ji.

Ta ce, "Papa, shi ne yake tokare gaba da baya. Shi yake ɗaukar nauyin, shi yake ba da muryar. Ba a liƙa shi, tsayar da shi ake yi. In babu shi ba a jan tsirkiya."

Rakiya ta ce a hankali, "Baba, don Allah koma ka zauna."

Wannan "koma ka zauna" ita ta ƙarasa ni. Hajiya tana kallo, abokan aikina na Anloga guda uku suna kallo, kuma yara biyu suna koya mini katako. Na ce, "Guntun itacen da ko gam babu shi ne zai riƙe wannan ƙaton abu? In ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba. Tsirkiyarki ce ba ta ja ba, kawo nan." Na kama maɗaurin na murɗa. Abena ta riƙe mini hannun riga tana cewa "Papa, Papa," na fizge na ƙara murɗawa, na kama na biyun shi ma na murɗa.

Sai ji muka yi ƙas.

Lasifika huɗu ne a layin, duka huɗun suka maimaita ƙarar. Gaban celon ya tsage daga ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi suke hawa, ya gangara ƙasa. Ni da na shekara talatin ina jin katako yana tsagewa, ba sai an yi mini bayani ba. Na tsaya da hannu a kan maɗaurin, babbar riga har ƙasa, gumi yana bin bayana. Wata tsohuwa a baya ta ce, "To, mai tayar da matacce ya kashe mai rai." Dariya ta fara daga can ta taho gaba sahu-sahu.

Abena ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na sami abin riƙewa. Ta kwantar da celon a jakarsa, ta share ido, ta ja kujerarta kusa da Rakiya. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai Rakiya ta ɗauki waƙar daka, Abena kuma ta rufe baki tana yin kiɗan celon da maƙogwaronta, tana buga cinya a madadin taɓarya. Waƙa ɗaya suka yi. Ni ina bayan rumfa kusa da masu kwasar kwanuka, don nan ne kawai ba a nuna ni da baki.

Da aka tashi Hajiya ta sa aka kira ni, a gaban mata. Ta ce, "Na saurara. Yaran nan ba su yi shirme ba. Shirme ɗaya na gani yau, kuma da babbar riga ya zo. Su ci gaba da waƙarsu. Kai kuma gobe ka ɗauki gogen mutane a kanka ka kai Ankara."

Na kai. Mai gyaran ya leƙa ciki, ya dube ni, ya tambayi sana'ata. Na ce masa direba ne ni.

Wata biyar celon ya yi a can, wata biyar Abena tana aron na wasu, kuma duk ranar da ta gan ni sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar ban yi komai ba. Amma abin da ya fi ci mini rai ba dariyar layi ba ce, ba kuma bakin Hajiya ba. A hanyarmu ta komawa gida ranar bikin, Rakiya tana gaba ina baya, har muka kai ƙofa. Ta juyo ta ce, "Baba, Abena ta so ta kai celon wani wuri. Ni na hana ta. Na ce mata ubana bai taɓa ɓata aikin kowa ba."

Na buɗe baki in yi faɗa kamar yadda na saba, na rasa da wa zan yi.

Yanzu in na ga abu a ajiye ban san amfaninsa ba, sai in sa hannuwana biyu a aljihu in tambayi mai shi, ko da jikana ne. Abokan aikina sun ce tsufa ne ya sanyaya ni. Na bar su a haka, ya fi mini sauƙi.