Na Durƙusa wa Surukina da Bokiti a Sama

Ko tsufa ya kwashe mini rabin hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar rufe bitar malaman Fiziks da aka yi mana a dogon hutun bara ba. An tara mu a zauren wata makaranta da ke bayan Sama Road, tsakiyar damina, ga zufa, ga fankokin da ke rataye a sama don ado kawai. Wai za a koya mana yadda ake gwajin kimiyya da kayan gida, tunda ɗakunan gwaje-gwajen makarantunmu tuni gizo-gizo ya karɓe su haya.

Tun ranar farko na raina taron, kuma ban ɓoye ba. Ni da ɗalibai ke kira Farfesa (ni na fara kiran kaina haka, su kuma suka ɗauka), wai ni za a zaunar a nuna mini yadda ake hura balan-balan? Mai jagorantar bitar wata matashiya ce daga jami'a, Dakta Rabi, ta zo da kwali cike da gwangwanaye da zare da madubin mata. Abokan aikina kuwa abin tausayi, manya-manyan magidanta suna tafi don allura ta yi iyo a kan ruwa. Rabinsu dama shinkafar rana ce ta kawo su, da an buɗe kula sai ka ga masu gyangyaɗi sun farfaɗo.

Abin da ya zaunar da ni ɗaya ne. An ce ranar rufewa kowa zai nuna gwajinsa, a zaɓi mutum guda da zai riƙa zagaya makarantu yana horar da sauran malamai. Wannan kujerar nake so, so na haƙiƙa. Na gaji da alli, na gaji da ajin da in ka juya baya sai ka ji ana kukan akuya. A raina na riga na hau kujerar har na miƙe ƙafa.

Ranar na fito daga gida a Minanata cikin farar shadda, babbar riga ta sha sitati, hula ta zauna daram. Wanda ya gabace ni wani Malam Bello ne, mutum shiru-shiru mai koyarwa a wata makarantar ƙauye. Ya cika kofi da ruwa, ya rufe bakinsa da kwali, ya kife, ruwa bai zuba ba. Aka yi tafi. Na ce wa na kusa da ni, yadda kowa zai ji, "Wanga ai wasan 'yan firamare na."

Nawa gwajin shi ne na juya bokiti. In ka ɗebi ruwa a bokiti ka riƙa wulwula shi da sauri, daga ƙasa zuwa saman kanka, ko ya kife a sama ɗigo ba ya zuba. Sharaɗin guda ne tak: kada ka tsaya. Na zana wannan a allo shekara da shekaru, da kibiyoyi da lissafinsa (zanawa fa na ce, ban ce na taɓa yi ba).

Dakta Rabi ta miƙo mini wani ɗan bokitin roba da ruwa kaɗan a ciki. Na dube shi sama da ƙasa. A bakin ƙofa kuwa ga bokitin soborodo, wato zoɓo, na mai kawo mana abinci, ya kusa rabi, ja wur, har da ƙanƙara. Na taka na ɗauko shi.

"Malam, ka dai fara da ruwa," in ji Dakta.

"Dakta, wanda ya san aikinai ba ya tsoron launi," na ce, ina naɗe hannun riga a kafaɗa.

Mai abincin ta ce, "Malam, abin shan mutane na fa!" Ban ko waiwaye ta ba.

Kuma wallahi abin ya yi. Na wulwula, bokiti ya hau sama ya dawo, ko ɗigo. Na ƙara. Zaure ya ɗauki sowa, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Kaina ya kumbura, har na fara bayani ina juyawa, ina kallon Malam Bello da gefen ido. A lokacin ne aka yi sallama a ƙofa, shugaban makarantar ya shigo da babban baƙon da zai rufe taro.

Baƙon nan surukina ne. Mahaifin matata, tsohon sufeton makarantu da ya yi ritaya, wanda ban taɓa tsayawa a gabansa a miƙe ba tun ranar da na je neman aure. Ko a waya ya kira ni sai na tsinci kaina a tsugune. Babu wanda ya gaya mini shi aka gayyata, ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

To, kai mai karatu ka san yadda aka rene mu. Ba shawara na yi da kaina ba. Ido na ganinsa gwiwa ta karye, hannu ya tsaya cak, baki ya ce, "Baba, barka da..." Bokiti kuma a daidai lokacin yana saman kaina, a kife.

Sanyin ne ya fara isa. Soborodo ya sauko ta hula, ya bi wuya, ya ratsa shaddar nan har wando, ƙanƙara ta shige mini ta bayan riga. Bokitin ya biyo baya ya kwaɗe ni a kafaɗa, ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Baba. Ni kuwa ina nan tsugune, ja sharkaf kamar ragon da aka yanka, kuma don tsabar tarbiyya sai da na ƙarasa gaisuwar.

Baba ya dube ni, ya dubi bokiti. Ya ce, "Lahiya lau, Malam. Wanga shi na aikin da kaka hita yi kullum?"

Zaure ya fashe. Magidantan nan da na raina har da masu riƙe ciki, wani ya faɗo daga benci. Na so ƙasa ta tsage in shige. Dakta Rabi ta jira dariya ta lafa, sannan ta ce cikin natsuwa, "Kun ga abin da ka faruwa in gudu ya ƙare a sama. Mun gode, Malam, ka nuna muna ɓangaren da littafi bai nunawa." Aka sake tafi, wanda ya fi na farko ciwo.

Kujerar Malam Bello aka ba, shi da kofinsa da kwalinsa. Kuma Baba ne ya miƙa masa takardar shaida da hannunsa, ina tsaye a layin baya ƙudaje na bi na. Ya yi jawabi kan muhimmancin sanin aiki, bai kalle ni ba ko sau ɗaya, wanda ya fi zagi ciwo.

Kafin mai babur ya kai ni gida bidiyon ya riga ni isa. Matata ta tare ni a ƙofa da bahon wanki, tana cije leɓe. Ta ce Baba ya kira ta, wai ya yaba da ni ƙwarai: "Mijinki akwai ladabi, ɗiyata. Aikin na dai Allah bai ba shi ba."

Na koma ajina da allina. Abin da na koya kuma babu shi a manhaja: ladabi abu ne mai kyau, amma ƙasa ba ta san suruki ba, duk abin da ka tsayar a sama sai ta jawo shi, kuma a kanka zai sauka.