Motar da Ba Ta Gyaran Murya

Wani ne, ɗan Argungu, ya yi arziki da albasa. Shekara biyu a jere kasuwa ta yi masa daɗi, sai ya tattara ya koma Birnin Kebbi, ya gina gida a Gwadangaji, ya ajiye tumbi. Komai ya samu sai abu guda: mutanen majalisarsu ta gindin darbejiya a Argungu ba su taɓa miƙe masa tsaye ba. Su a idonsu har gobe shi ne yaron nan mai jigilar buhuna a kan tsohon babur. Abin nan yana cinsa a rai, wallahi har tumbin ya fara sacewa.

Sai ya yi odar mota mai aiki da lantarki, irin ta manya. Baƙa wuluk, sai sheƙi take. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, kana matsowa take kunna fitilu kamar ta gane ka. Ranar Juma'a ya sha babbar riga ya kama hanyar Argungu, yana tafe yana gwada yadda zai ɗaga hannu idan an miƙe masa.

Ya ɓullo ta bayan majalisa, ya tsaya daf da tabarma. Ba wanda ya waiga. Motar ko tari ba ta yi ba. Wata akuya da ke kwance a wurin ido ɗaya ta buɗe, ta mayar ta rufe.

Ya sauke gilashi zai yi sallama, sai ya ji tsoho Hodi, babban majalisar, yana cewa, "Shinkahwa na can hwadama tana ƙonewa, injin ban ruwanmu ya mutu. Shi ko wancan na Birni an ce mota yas saya."

Tamba mai shayi ya ce, "Wa? Mai tumbin ga? Ai ko jirgi yas saya, warin albasa ba ya barinai."

Aka kwashe da dariya har da tafawa. Gogan naka ya ɗaga gilashinsa a hankali ya juya kan mota. Yadda ba a ji zuwansa ba, haka ba a ji tafiyarsa ba.

Sati ya zagayo, ya dawo da dabara. Tun daga kwana ya danne hon bai ɗaga ba. Hodi ko waiwaye bai yi ba, ya kaɗa hannu ta baya ya ce, "Kai ɗan kabu-kabu, wuce! Ba mu zuwa ko'ina."

Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Ya rasa abin yi da motar nan: ya riƙe ta haka, ya sake wata, ko ya kai ta a ƙara mata wani abu. Ya tambayi matarsa Sadatu.

Ta ce, "Alhaji, ni dai a sai da ta. Mota ba sallama ba gyaran murya? Da can tun daga titi nika jin babur ɗinka, in tashi in aza tukunya. Yanzu ina kwance ina latsa waya, sai dai in ɗaga kai in gan ka tsaye bisa kaina kana tambayar abinci."

Ya tafi wurin Jamil, dillalin da ya kawo masa ita. Jamil ya shimfiɗa masa darduma, ya ce, "Alhaji, ka zo daidai. Sabuwa ta hito, ka kawo wagga mu yi musaya. Ita in tana tahiya, ko kai da ke ciki ba ka sanin kun tashi."

"Ta hi wagga shuru?"

"Nesa ba kusa ba!"

"Allah shi tsare ni," in ji shi. Ya zura takalmi ya fita ko lemon da aka buɗe masa bai taɓa ba.

Daga nan sai unguwar Nasarawa, garejin Bawa makanike, mai gyaran komai daga babur har injin niƙa. Bawa ya buɗe bonet ya leƙa. Wayam. Ya sake leƙawa, ya dafe kai.

"Alhaji, an cuce ka! Babu inji ciki!"

"Hakanan take. Nan wurin aje kaya na."

"To ni mi zan gyara?"

"Ƙara nika so, Bawa. Wadda za a ji tun kahin in shiga gari."

Bawa ya duba dama ya duba hagu. Can gefe ga wani injin ban ruwa, mai inci uku, ja jawur, da ya gama gyarawa yana neman mai saye. Ya cire masa salansa mai rage ƙara, suka kinkima suka cusa shi a ramin gaban motar. Bonet ya ƙi rufuwa, aka ɗaure da igiya. Injin nan ba ya tura mota, ba ya cajin batir, aikinsa ihu kawai. Bawa ya fizgi igiyar tayarwa, gareji ya ɗauki ta-ta-ta-ta, masu kwance suka tashi zaune.

Gogan naka ya yi murmushi har kunne, ya ce, "Yauwa! Yanzu ta zama mota."

Da yamma aka ga motar da ba ta shan mai a layin gidan mai, mai ita na riƙe da jarka.

Juma'a ta zo. Yana isa bakin Argungu ya tsaya, ya naɗe hannun babbar riga, ya ja igiya sau uku. Inji ya kama. Ya shiga gari hayaƙi na turnuƙe masa gilashi, kaji na tashi sama, akuyar nan ta majalisa ta tsallake kwata a guje.

To ka san manomin rani. Ko barci yake, ya san kukan injin ban ruwa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Hodi ya ajiye kofin shayi ya kasa kunne.

"Ku saurara! Wallahi mai inci ukku na!"

Majalisa ta miƙe gaba ɗaya. Ba wanda ya rage a kan tabarma. Hodi da ke tafiya da sanda ya manta da sandar, Tamba ya bar madara tana zuba.

Mutumin ya hango su tsaye, suna rugowa wurinsa. Daɗi ya kashe shi, har ƙwalla ta cika masa ido. Ya ɗaga hannu yadda ya daɗe yana gwadawa, ya fito, ya gyara hula, ya miƙa hannu biyu don a gaisa.

Suka wuce shi fuu. Wani ya kashe injin, wani ya yanke igiya, mutum huɗu suka ciccibo shi suka aza a kafaɗa. Tamba na gaba yana faɗin, "Gonata za a hwara, ita ta hi bushewa!" Kafin ya rufe baki sun sha kwana sun nufi fadama.

Wuri ya yi tsit. Daga shi sai mota, bonet a wangale, hannuwansa har yanzu a miƙe.

Hodi ne kaɗai ya dawo neman sandarsa. Ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ramin da aka ciro injin, ya girgiza kai.

Ya ce, "Yaro, inji kam ka iya zaɓe, Allah shi yi ma albarka. Amma mi yas sa kas sai mashi wanga ƙaton akwati? Ai baro ya isa."