Keken Ango a Bakin Magangarar Ruwa

Mun baro ƙasarmu, mun sha jirgi mun sha mota, duk don Baba ya ga magangarar ruwan nan da ya daɗe yana kallo a waya. Muna isa ƙofar gandun dajin da magangarar take, gwiwarsa ta ce ba da ita ba. Ga rugugin ruwa muna ji, amma da sauran tafiya. Ma'aikatan wurin suka kawo keken tura marasa ƙarfi, Baba ya harare shi, ya nemi benci ya zauna, wai mu je mu dawo mu ba shi labari. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a haƙar rijiya ba ya son a ga kasawarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ɗa bai isa ya yi wa uba dole ba. Sai 'yata, jikarsa da yake kira Amarya, ta turo keken har gabansa.

"Sannu da hutawa, Ango. Ya gwiwa?"

"Gwiwa lafiya lau. Ya ƙaton goshi?"

"Goshin da ka gani ka nace? Tashi mu je."

"Na ƙoshi. Ni da na fito da ruwa da hannuna a gari nawa, yau ni za a nuna wa ruwa?"

"Wane ruwa? Rabin guga da laka? Kwaɗi ma ƙaura suke yi daga rijiyarka."

"Ke! Da wannan rabin gugan aka yi wa ubanki wanka ranar suna."

"Shi ya sa har yau bai yi haske ba."

Ni dai na yi kamar ina duba taswirar gandun.

Baba ya ce, "Keken guragu kam ba zan hau ba. Komai ramar giwa ta fi kwando goma."

"Giwar da aka bari a benci tana gadin jakunkuna? Girman kai rawanin tsiya, Ango. To shi ke nan. Ka ga wancan dogon mai rigar leda, mai yi wa baƙi jagora? Tun ɗazu yake kallona. Da shi zan ɗauki hoto."

"Wancan mai wuya kamar na zalɓe?"

"Zalɓe dai ya san hanyar ruwa."

"Je ki, na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? A jirgi ma ka sake ni don na cinye maka biskit."

Ta durƙusa, ta ɗan rage murya. "Kai ma dai, wa ya taɓa ganin ango ya tafi a ƙasa? Hawa yake yi, ana take masa baya."

"Ke za ki tura?"

"Wa kuma? Kai ka goya ni ina ƙarama, har na yi maka fitsari a babbar riga. Yau ranar ramuwa ce."

"To in na rama fitsarin, kada ki yi kuka."

Ya hau, yana ta mita. Muka bi wata gadar katako a tsakanin bishiyoyi, muka sha kwana, sai ga ruwa yana zubowa daga saman dutse, fari fat, ba ka ko jin maganar na kusa da kai. Feshi ya jiƙa mu sharkaf. Baba ya ƙi rigar ledar da aka miƙa masa, ya cire hularsa, ya ƙura wa ruwan ido. Na kalli fuskarsa, na san ba feshi kaɗai ke gangarowa ba, sai na kau da kai.

Amarya ta sunkuya daidai kunnensa ta ɗaga murya. "Ya rijiyarka yanzu, Ango?"

"Allah mai iko! Ina can ina kankarar ƙasa da diga, ashe nan aka zubar da shi."

Ya fashe da dariya, ya kifa mata jiƙaƙƙiyar hular a goshi.

"Ungo, na mayar da ke. Matsa da ni gaba, kuma ki gaya wa zalɓen nan kada ya shigo mana hoto."