Kwamfutar da Sai Ta Gaida Manya Take Tashi

Jama'a, tumatirina na can bakin Bagauda yana sunkuyar da kai don ƙishirwa, ni kuwa jiya na wuni a kan benci ina jiran kwamfuta ta gama gaida manya.

An yi shela cewa za a raba wa masu noman rani injin ban ruwa, amma sai na'ura ta ɗauki yatsan mutum. Nawa injin ya riga ya mutu, don haka na hau acaɓa na nufi ofishin. Ba zan faɗi sunansa ba, ina son in tsufa a ɗakina.

Malam Adamu, mai kula da na'urar, ya tada janareto, ya danna maɓalli, ya ce, "Kowa ya natsu, za ta tashi."

Hoton Ranka-ya-daɗe Babba ne ya fara fitowa, da jawabinsa na maraba. Da ya gama sai Mataimaki. Sai Uwargida, Garkuwar Marayu. Sai wani mai doguwar hula da ban san aikinsa ba, amma ya iya gyaran murya. Maƙwabcina Abdulganiyu masunci ya raɗa mini, "Wallahi jakin babana ya fi ta saurin tashi. Shi sanda ɗaya ta ishe shi."

Nan fa Hajiya Salamatu, ma'aikaciyar teburin kusa, wadda ta je kwas birni, ta ajiye gyaɗarta.

"Malam Adamu, wannan tsohon yayi ne. Yanzu komai tare ake tada shi. Kafin ƙiftawa da bismillah ta buɗe."

"Hajiya, ɗaya bayan ɗaya muka gada," in ji shi. "Ko ta maƙale, ka san a kan wa ta maƙale."

"Ai kullum a kanmu take maƙalewa," in ji Abdulganiyu.

Suka yi ta ja, shi yana kiran tsari, ita tana kiran zamani, janareto kuwa yana ta shan mai. Da ta ishe shi ya ba ta kujera. Ta kashe, ta latsa nan ta latsa can, ta kunna. Kuma gaskiyarta, da sauri! Manya suka fito gaba ɗaya, kowa na jawabinsa, kamar ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki. Sai dai hoton Mataimaki ya hau kan na Babba, ya rufe masa hanci.

"Innalillahi!" Malam Adamu ya yi tsalle ya zare waya daga bango. "So kike a ce ni na yi juyin mulki?"

Aka koma farko. Babba ya sake yi mana maraba.

Ni da bakina ba ya jin shawara na ce, "Ranku ya daɗe, ni jahili ne, amma da za a cire hotunan gaba ɗaya fa?"

Mutanen nan biyu da suka wuni suna faɗa suka juyo tare.

"Baba, kana da iyali?" in ji Hajiya.

Na ce ina da su.

"To, bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne."

Bayan la'asar kwamfutar ta buɗe. Na goge yatsana a riga, na miƙa da bismillah. Janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare.

Da asuba ni da maiɗakina Humaira muka yi ta jidar ruwa da bokiti. Rabin tumatirin ya ɗago kai, rabi ya tafi.

Amma kada a ce ba na yabo. Manyanmu masu jin kukan talaka ne, Allah ya ƙara musu tumbi. Na ji yanzu an naɗa Mai Ba da Shawara na Musamman kan Saurin Tashin Kwamfuta. Har an je ɗaukar jawabinsa, za a sa shi bayan na mai doguwar hula.