Yadda Ake Kai Dattawa Neman Aure a Motar Lantarki

Shekarata biyu da motar lantarki a Addis Ababa. A hawa na biyar nake zaune, ba ni da wurin caji sai na kowa da kowa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai da gidan mai har abada. Ban ce za ka isa da wuri ba.

1. Ka cika baki

Ni na ce zan kai dattawanmu garin Bishoftu su nema wa ƙanena Girum aure. Kawuna, Gashe Wondimu (Gashe kamar a ce yallaɓai ne a nan), ya zagaya motar ya ce, "Kai Tamirat, abar da ko tari ba ta yi, ita za ta kai mu?"

Na ce, "Kawu, zamani ne."

2. Kada ka yi caji tun jiya

Wannan aikin matsorata ne. Bari sai safiyar tafiya, dattawa uku sun sha fararen kaya sun zauna a baya.

3. Ka yarda da wayarka

In ta ce akwai gurbi a tashar caji, to akwai. Motoci tara da ka tarar a layi su ne suka yi kuskure. Da layi ya zo kanmu, minti shida da jona motar aka ɗauke wuta. Mai gadi ya ce, "Yanzun nan za a kawo, Gashe." Sayo wa dattawa gahawa. A kofi na uku sun daina yi maka magana, ka huta.

4. Ka kama hanya da abin da ya samu

Kashe rediyo, kashe na'urar sanyi. Tamu motar ta tsaya a hanya, a garin Dukem, shiru, ko shure-shure babu. Kawu ya ce, "Tubarkalla. Ko mutuwa cikin ladabi take yi."

5. Ka isa ko ta yaya

Mu a keken doki muka isa, an yi awa uku ana jiranmu, miyar kaza ta daskare. Mahaifin yarinyar ya saurari dattawa har suka gama. Gumi ya jiƙa min riga. Can ya ce, "Na ba ku ita." Sai ya nuna ni da sanda. "Amma ranar biki, kada wannan ya zo ɗaukar amarya."

Gargaɗi: duk wanda ya bi shawarar nan aka hana ƙanensa mata, kada ya nemo ni, ban san shi ba. Ni ma ranar bikin jera kujeru aka sa ni.