Ɗaurin Adiko a Hanyar Gubuchi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai gaisuwar iyaye Gubuchi ba. Shekarar mulkin kai ce, shekarar da na sayar da rakena na sayi keke sabo fil, baƙi yana walƙiya. Har 'yar tuta mai kore da fari na soka masa a gaba. (Ku yi mini uzuri, a duk unguwarmu a Kudan ni ne na biyu da ya mallaki keke, na farkon kuwa duba-gari ne.)

Yarinyar da nake nema sunanta Talatu. A kasuwar Makarfi na fara ganinta tana sayar da daddawa, na yi ta sayen daddawar da ba ni da miyar zuba wa har ta gane inda na dosa. Magana ta kai kunnen baffanta, wanda shi ne mai ba da ita, ya ce in zo ya gan ni. An kuma ja mini kunne cewa mutum ne mai wuyar sha'ani, ya taɓa sallamar wani saurayi don kawai ya gan shi yana shan rake a tafe.

Inna ta cika mini kwando da mazarƙwailar rakenmu, ta sa goro a sama, ta rufe da faifai. Ta miƙo mini igiyar rama da ta tufka da hannunta, ta ce in yi masa ɗaurin huhun goro don hanyar gargada ce. Na dubi igiyar nan mai kaushi, na dubi fentin kekena. Tana shiga ɗaki na rataye ta a danga, na haɗa adikona biyu na ɗaure kwandon a kariyar bayan keke sako-sako, kamar mai tsoron kada ya ji zafi.

Na kama hanya ina ta kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a gabana. Daga Makarfi zuwa gaba, duk ƙauyen da na ratsa sai in ji ana “Mai keke, mai keke” a bayana. Wata mata ma har ta ajiye taɓarya ta biyo ni tana ɗaga hannu. Ni kuwa sai in ɗaga nawa hannun in ƙara wuta, ina cewa a raina Allah sarki mutanen karkara, ba su saba ganin sabon keke ba. Ko waiwaye ban yi ba, ai babban mutum ba ya waiwaye.

Na tarar da baffan a zaure da dattawa. Na jingine keke a waje, na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka gaisa har aka gaida damina da mutan gida. To, kowa ya san yadda ake yi, cewa za ka yi ga ɗan abin da ba a rasa ba, ka sunkuyar da kai. Ni sai bakina ya ƙwace. Na shiga yabon mazarƙwailarmu, na ce ko a Zariya ba a samun irinta, na ce kwandon ma da ƙyar ya rufu. Baffa ya ce to madalla, a shigo da ita.

Da na fita sai na ga kwandon ya karkace yana reto a gefen taya, babu faifai, babu goro. Na ɗaga shi na ji sakayau. Ga idanun dattawa a kaina ta ƙofar zaure, babu wurin gudu. Kuma don ƙarin wauta sai na rungumo shi da hannu biyu ina nishi, wai shi mai nauyi. Na dire a gaban Baffa. Curi ɗaya ne ya rage, shi ma don zafin rana ya manne shi a gindin kwandon.

Baffa ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Samari, wannan ta ɗanɗano ce, sauran suna tafe?”

Dattawa suka yi ta dariya har wani yana share hawaye da bakin rawani. Shi kam ko murmushi bai yi ba. Ya ce wanda bai iya ɗaure kwando ba, ina zai iya riƙe 'yar mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na tabbata na rasa Talatu.

Ina tura keke ta bayan gida sai ga ta da igiyar akuyarsu a hannu. Ashe duk ta ji. Ba ta dube ni ba. Ta gyara zaman kwandon da babu komai a ciki, ta zagaya igiya, ta dafe taya da ƙafa ta ja har kariya ta yi ƙara, ta ƙulle tamau. Fenti ya kankare.

“Haka ake yi,” in ji ta. “Ka dawo da shi cike. In ya iso, ni na san abin da zan gaya wa Baffa.”

Ya iso. Bayan kaka aka ɗaura mana aure.

Tun daga nan ban taɓa ɗaure kaya ta bari na tafi ba. Buhun barkono ne za ni da shi Ikara, ko damin rake, sai ta fito tana gyara mayafi, ta kwance, ta sake ɗaurewa, tana mita cewa har yau ban yi hankali ba. Gaskiyar magana, tun watan farko na iya. Da gangan nake sassautawa, don ina son fitowar nan tata da mitar.

Bara waccan Allah ya yi mata rasuwa. Ina kewarta ƙwarai, kuma a bakin ƙofa abin ya fi cina, in na gama ɗaure kaya na tsaya jim ban san me nake jira ba. Darasin dai na koye shi: kayanka, ja igiya har ta yi ƙara. Yanzu haka nake yi, ko tsinke ba ya faɗo mini a hanya, kuma wallahi ban ga daɗin iyawar ba.